Bindiga mai araha: santimita nawa za a yafe mata a mita 100?

Nura:
Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa. Ina da damuwa, kuma na san a nan akwai waɗanda suka riga ni riƙe bindiga tun kafin a haife ni. Wata biyu ke nan da na sayi bindigar farauta mai sakata, irin masu arahar nan masu ƙotar roba da siririn bututu, tana cin harsashi samfurin .308. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ban tabbata laifinsu ba ne. Jiya na kai ta filin gwaji karo na uku. Na kafa takarda a mita 100, na ɗora bindigar a kan buhun yashi, na yi harbi biyar-biyar sau huɗu da harsashi mai nauyin giren 150. Ukun farko sukan taru kusa da juna, kamar santimita biyu da rabi tsakanin hudojin da suka fi nisa. Na huɗu da na biyar sai su yi sama, su karkata dama. Idan na auna duka biyar ɗin, santimita huɗu da rabi nake samu, sau ɗaya ma ya kusa biyar. Ni kuma kullum ina ganin hotunan mutane da irin wannan bindigar, hudoji uku sun haɗe kamar huji ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tambayata ita ce: me ya kamata mutum ya sa rai da shi daga bindiga mai araha? Tawa ce ta fito da aibi, ko haka suke?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Kafin a yanke mata hukunci, minti nawa kake bari tsakanin harbi da harbi? Kuma wa ya ɗaura maka madubin saiti?

Nura:
Malam, ba na jira sosai. Da na zare kwanso na ɗura wani, sai in sake aunawa. Biyar ɗin ba sa wuce minti biyu. Madubin kuwa a ɗaure na saye ta da shi.

Injiniya Bashir:
Nura, bari mu fara daidaita ma'auni don kada kowa ya riƙa magana da nasa mudun. Abin da ake auna daidaiton bindiga da shi shi ne MOA, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri guda. A yadi 100 ya ɗan ɗara inci ɗaya, inci 1.047 ke nan. A mita 100 kuma kusan santimita 2.9. Saboda kusurwa ce, tana buɗewa da nisa: santimita 5.8 a mita 200, 8.7 a mita 300. Naka santimita huɗu da rabin nan MOA ɗaya da rabi ne, da ɗan ɗigo a kai.

To ka duba abin da kamfanoni suke alkawari. Weatherby suna ba da garanti a kan bindigarsu Vanguard, wadda Howa ke ƙera musu a Japan, cewa harbi uku ba za su wuce inci 0.99 ba a yadi 100, amma da sharaɗin harsashinsu ko wani mai inganci irinsa. Tikka ma MOA ɗaya suke faɗa, a harbi uku. Sako, wadda ta fi tsada kuma daga masana'anta ɗaya suke fitowa a Finland, ita ce ke faɗin harbi biyar. Ka lura da kalmar nan, uku. Ba banza aka zaɓe ta ba.

Lissafi ya nuna cewa bindiga guda, harsashi guda, maharbi guda, idan ka ƙara yawan harbi gungun hudojin dole ya faɗaɗa, don kowane sabon harsashi yana da damar faɗawa wajen na baya, ba shi da ikon matse su. A matsakaici, gungun harbi biyar yakan fi na uku faɗi da kusan kashi 27 cikin ɗari, na goma kuma ya fi na uku da kusan kashi 58. Ma'ana bindigar da take ba da MOA ɗaya a harbi uku, ita ce dai za ta ba ka kusan 1.3 a biyar, 1.6 a goma, ba tare da komai ya lalace a jikinta ba. Hotunan da kake gani kuwa, mutum ya yi gungu goma, ya ɗauki wanda ya fi kyau ya nuna, sauran takardun tara ya naɗe su. Ukunka na farko a santimita biyu da rabi sun riga sun shiga ƙasa da MOA ɗaya.

Sadiq:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ban yarda a lallashi Nura ya haƙura ba. Da can ana cewa araha ba ta ado, yanzu a harkar bindiga maganar ta canza. Injinan da kwamfuta ke sarrafawa suna yanka ƙarfe daidai wa daida, ko bindigar ta mai kuɗi ce ko ta talaka. Ruger American da ta fito a 2012 bututunta bugun guduma ne a sanyi, kuma an zaunar da ita a kan ƙarafa biyu masu siffar V a cikin ƙota. Savage Axis tana da notin da ke riƙe bututu, wanda ke sa a saita zaman harsashi cikin sauƙi, kan sakatarta kuma yana ɗan motsi ya daidaita kansa. Inda aka rage kuɗi a irin waɗannan bindigogi shi ne ƙota, da fenti, da santsin sakata, ba cikin bututu ba. Don haka idan ta huɗu da ta biyar kullum gefe guda suke gudu, sama da dama, wannan ba warwatsuwar lissafi ba ce. Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ke taɓa wani abu. In ni ne, zan mayar musu ita su duba.

Baba Ilu:
Yarana, na karanta duka. Nura, ina tambayarka: barewa ka saya wa bindigar nan ko takarda?

Ka sa tafin hannunka biyu a bayan kafaɗar barewa, inda huhu da zuciya suke. Wurin nan da harsashi zai shiga ta faɗi ba tare da ta wahala ba, faɗinsa ya kai santimita ashirin a matsakaiciyar dabba. Bindigarka a mita 200 za ta watsa harsashi cikin santimita tara. Kuma tara ɗin nan daga gefe zuwa gefe ne. Daga inda ka auna zuwa harsashin da ya fi kauce maka, rabin haka ne, yatsu biyu zuwa uku. Ina laifinta?

Na haura shekara arba'in ina farauta, kuma zan iya ƙirga ranakun da na yi harbi uku a kan dabba ɗaya da yatsun hannuna. Na huɗu da na biyar ban taɓa yin su ba, don kafin nan daji ya watse. Harbin da ke kawo nama shi ne na farko, bututu a sanyi, raɓa a jikinsa, kai kuma ka yi awa biyu a tsugune ƙafarka ta yi tsami. Shi ya kamata ka sani kamar yadda ka san sunanka.

Ga abin da nake yi da kowace bindiga da ta shigo hannuna. Takarda ɗaya nake kafawa. In zo da safe in yi harbi ɗaya tak, in rubuta kwanan wata a gefen hujin, in naɗe takardar in tafi. Wata rana in dawo da ita, in sake ɗaya. Sai na yi kwana bakwai ko goma. Tsohuwar bindigata mai cin harsashin .30-06, wadda shuɗin ƙarfenta ya goge a inda hannuna ke riƙewa, gungunta na kwana goma ya kai santimita shida. Matasa sun gani sun ce in ajiye ta. Amma shidan nan a kewaye yake da tsakiya, bai taɓa matsawa ba, rani da damina. Ban taɓa bin sawun jini da dare saboda ita ba.

Sadiq:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban musa maka ba a mita ɗari ko ɗari biyu. Amma ba kowa ke farauta a cikin kurmi ba. Wanda yake fili, inda dabba ba ta bari ka matso ƙasa da mita 300, kowane santimita yana da daraja a wurinsa. Kuma tausayin dabbar da ka ambata, shi ne ma ya sa nake son bindigar ta fi haka matsewa.

Injiniya Bashir:
Ku biyun kuna magana ne a kan wurare daban, kuma akwai lissafin da ke raba gardamar. Kuskuren bindiga da kuskuren hannun maharbi ba a tara su kai tsaye kamar ɗaya da ɗaya biyu. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, sannan a ɗauki tushen jimillar.

A ce kana tsaye ka jingina bindiga a kan gwafa, numfashi na hawa da sauka, saitinka yana yawo cikin MOA huɗu. Da bindiga mai MOA ɗaya, jimilla 4.1. Da mai MOA biyu, 4.5. A mita 200 wannan santimita 24 ne da 26. Ka ninka ingancin bindiga sau biyu, abin da ka samu santimita biyu kacal, kuma dukansu sun fi wurin kisan barewar faɗi. A nan Baba ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari: mutumin ne matsalar.

Amma a ce ka kwanta rub da ciki, jaka a ƙarƙashin bindiga, rawar hannunka ta dawo MOA ɗaya. Mai MOA ɗaya ta ba ka 1.4, mai biyu ta ba ka 2.2. A mita 300, santimita 12 da kusan 20. Ɗaya ta bar maka sarari, ɗaya ta cinye wurin kisan gaba ɗaya tun kafin iska ta sa baki. A nan Sadiq ke da gaskiya. Ni a ganina, mai araha da ke riƙe MOA ɗaya da rabi a harbi biyar, kullum ba sa'a ba, ta biya kuɗinta. Biyu ma ta wadatar har mita 200. Idan ta haura uku daga kan buhun yashi da harsashi iri-iri, to akwai abin da ya lalace.

Malam Habu:
Ni dai na tsaya a kan abin da Sadiq ya hango, gudun nan zuwa sama da dama. Amma kada ka yi saurin mayar da ita, Nura. Akwai abubuwa uku da za ka duba a ɗaki, bayan ka cire harsashi ka zare sakata ka leƙa ka tabbata babu komai a ciki.

Ka samu takarda mai ɗan kauri, ka zura ta tsakanin bututu da ƙota tun daga gaba, ka ja ta baya. A yawancin bindigogin nan an yi bututun ya tsaya a sarari ne, kada ya taɓa komai, don idan harsashi ya tashi bututu yana kaɗawa kamar bulala, kuma ana so ya yi kaɗawa iri ɗaya kowane lokaci. In takardar ta maƙale a wani wuri, ka samu ɓarawonka. Siririn bututu yana zafi da wuri, ƙarfe ya miƙe, ya danna robar, sai harsashi ya fara tafiya gefe. Sannan ka sake gwajin alhali bindigar tana kan buhun yashi, don ƙotar roba mai araha tana lanƙwasa. Sau da yawa a hannu takarda tana wucewa sumul, da ka ɗora can ƙarshen ƙotar a kan buhu sai robar ta tashi ta manne da bututu. Ka jawo buhun baya, kusa da inda gidan harsashi yake.

Na biyu sukurorin da ke haɗa ƙarfen da ƙota, na uku zobban madubi da gindinsu. Ka nemi abin ɗaure sukuru mai auna ƙarfi, ka bi adadin da masu ƙerawa suka rubuta, kada ka ɗaure da ƙarfin tuwo, don madubi yana iya lotsewa.

Wannan na ukun ya taɓa cina. Na yi wata guda ina zargin wata bindiga, na ƙona kwali uku na harsashi, har na fara neman mai saye. Rannan ina goge ta sai na ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin yatsana. Na riƙe madubin na murɗa, sai ga gindinsa na gaba yana motsi kamar haƙori mai girgiɗi. Sukuru ɗaya ne ya kwance, a ɓoye ƙarƙashin zobe inda ido ba ya gani. Na ɗaure shi, gungun ya dawo rabin yadda yake. Madubin da aka sayar maka a ɗaure, kada ka ɗauka an ɗaure shi da kyau.

Maman Amir:
Sannunku da ƙoƙari. Kowa ya duba bindiga, ni bari in duba mai bindigar. Nura ƙanena, kada ka ji haushi. Bindigogin nan masu araha ba su da nauyi, kuma .308 a bindiga marar nauyi tana dukan kafaɗa sosai. Harbin farko mutum yana natse. Kafin na huɗu jiki ya riga ya san abin da ke zuwa, sai kafaɗa ta tura gaba, ido ya ƙifta, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Kai ba za ka ji ka yi ba, don ƙarar ta rufe komai.

Mahaifina ya gwada ni haka nake yarinya. Yakan sa in juya baya, ya ɗura mini bindiga bakinta na kallon takarda, wani lokaci da harsashi, wani lokaci ba komai. Ranar farko da kunama ta ce ƙyas a kan wofi, da idona na ga bakin bindigar ya yi ƙasa kamar na sunkuyar da shi da gangan. Sai da na yi makonni ina matsa kunama ba harsashi kafin abin ya bar ni. Ka nemi wanda zai yi maka haka. Ka kuma toshe kunnenka da kyau, abin sawa a ciki da na rufewa a waje, don rabin razanar daga kunne take.

Nura:
Ban ji haushi ba, Yaya. Gaskiya kafaɗata takan yi tsami bayan harbi goma, kuma ban taɓa iya ganin lokacin da harsashi ya bugi takarda ba. Ashe idona rufewa yake yi.

Garba:
Ba wanda ya taɓo harsashi, kuma iri ɗaya kawai Nura ya gwada. Kowane bututu yana da abin da yake so. Bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya, wannan ta so giren 150, waccan ta fi son 165 ko 180. Ka sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri uku ko huɗu, masu laushin kai na farauta, ka gwada su a takardu daban. Wanda ta karɓa, ka duba lambar rukunin da ke jikin kwalin ka tara irinsa.

Akwai kuma murɗin zanen da ke cikin bututu, wanda ke sa harsashi juyawa. A .308 yawanci zagaye ɗaya ne a inci 10 zuwa 12, kuma ya isa ga harsasan farauta na yau da kullum, don haka Nura ba shi da matsala a nan. Amma ga bindigogi masu ƙananan baki, abin yana da muhimmanci. A 1955 Remington suka fito da bindiga mai cin .244 da murɗi ɗaya a inci 12, shekarar da Winchester suka fito da .243 da ɗaya a inci 10. Ta Winchester tana daidaita dogon harsashi mai giren 100 da masu farautar barewa ke so, ta Remington ba ta iya riƙe shi da kyau. Kasuwa ta bi .243, har Remington suka matse murɗin zuwa ɗaya a inci 9, kuma a 1963 suka sake wa harsashin suna 6mm Remington. Shi ya sa bindiga mai cin 6.5 Creedmoor, harsashin da Hornady suka fitar a 2007, tun farko aka yi ta da ɗaya a inci 8 saboda dogayen harsasai.

Sadiq:
Tunda an shiga tarihi: Remington 788, da aka yi daga 1967 zuwa 1983, a matsayin mai araha aka fito da ita a ƙarƙashin samfurinsu na 700, amma ta yi suna wajen daidaito har masu gasa suka riƙa nemanta. Don haka ba yau aka fara samun mai araha da ke harbi da kyau ba. Abin da nake ƙi shi ne a sa wa mutum a rai cewa don bai biya da yawa ba, sai ya karɓi duk abin da ya samu. Sai dai na yarda da Malam Habu, a duba sukurori tukuna.

Baba Ilu:
Sadiq, ɗana, ka ambaci mita 300, bari in ce wani abu a kai. A wannan nisan, .308 da aka saita a mita 100 harsashinta ya riga ya sauka fiye da santimita 35. Iskar da ke kaɗa ganye kawai, mai gudun kilomita 16 a awa, in ta bugo daga gefe za ta ture shi kusan taƙi guda. In ka yi kuskuren ƙiyasin nisa da mita talatin, ka ƙara wani kuskuren a kai. Duk waɗannan sun fi bambancin da ke tsakanin bindigarka da ta Nura girma. Wanda ya koyi karanta iska da auna nisa, ya ƙona harsashi ɗari a wannan nisan a kan takarda, ya yi harbinsa, kuma shi lallai ya nemi bindigar da ta fi matsewa. Wanda bai yi ba, ya ja ciki ya matso, ko ya bar ta ta wuce. Na taɓa harbin wata a nesa ina saurayi, harsashin ya same ta a ciki. Har azahar ta gobe muna binta. Idanunta lokacin da muka iske ta ban manta su ba.

Nura:
Jama'a, na dawo bayan kwana tara. Takarda ta maƙale a gefen hagu, kamar yatsu uku daga ƙarshen ƙota. Na kwance, na naɗe takardar yashi a jikin sanda na goge wurin har takarda ta wuce sumul ko a kan buhu. Sukurun gaba na ƙota kuma bai ɗauru ba, ya ɗauki kusan rabin zagaye. Madubi lafiyarsa ƙalau. Abokina ya yi mini gwajin Yaya Maman Amir, kuma sau biyu cikin shida na kama kaina ina tura kafaɗa.

Na gwada harsashi iri uku, ina barin minti uku tsakanin kowane harbi. Giren 150 na da: santimita 3.8 da 4.1. Giren 165: 3.1, 3.5 da 2.9. Giren 180 bai yi mata ba, ya haura biyar. Duk harbi biyar-biyar ne, kuma gudun nan zuwa sama da dama ya ɓace. Takardar Baba Ilu ma na fara ta da 165 ɗin, huji huɗu ke nan a kwana huɗu, suna cikin santimita uku da rabi, amma duk sun ɗan fi inda na saita tsayi da kamar santimita biyu.

Injiniya Bashir:
Matsakaicin 165 ɗin nan kusan MOA 1.1 ne a harbi biyar. Kada ka taɓa madubi yanzu, huji huɗu ba su isa a san tsakiya ba. Ka cika goma tukuna.

Sadiq:
Madalla. Ka ga da ka haƙura da huɗu da rabi, da har yanzu roba na danne maka bututu.

Baba Ilu:
Nura, harbin safen nan, bututun a wanke yake da mai a ciki, ko ka bar shi da dattin harbin jiya? Ka faɗa mini wannan kafin mu yi maganar santimita biyun.

Nura:
A wanke, Baba. Kullum da dare nake goge shi in sa mai.

Baba Ilu:
To daga gobe ka daina. Ka yi harbi biyu su ƙone man, ka ajiye ta a busasshen wuri ba tare da ka wanke ba, washegari ka fara sabuwar takarda. Waccan ka adana ta, za mu haɗa su mu gani.